Muryar Tsohon Gwamna

Abraham ya mayar da hirar baya karo na uku, ya ƙara danna abin sauraro a kunnuwansa, yana fatan kunnen ne ya yi masa ƙarya. Bai yi ba. Tsohon gwamna Ɗangoggo ya faɗi maganar da Turancinsa mai kauri, sannan ya bi ta da dariya, irin ta mutumin da ya ƙoshi kuma ya san babu mai taɓa shi.

Abraham ya zare abin sauraron ya ajiye a kan tebur.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana aiki ɗaya a wannan gidan rediyo na Gwarinpa, a Abuja. Manya su yi magana da Turanci, shi ya fassara, ya ɗora muryarsa a kai don shirin Hausa na ƙarfe biyar. Akan bar muryar mai maganar ta fito kaɗan, sai a rage ta, ta Abraham ta hau. Ɗan Gbagyi ne daga wani ƙauye a bayan Kwali, amma a Zariya ya yi karatu, Hausa ta zauna a bakinsa daram.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a takardar ɗaukar aiki ba, amma duk mai wannan sana'a ya san shi: ba a sakin maganar babban mutum tsirara. Sai an yi mata wanka an sa mata riga. In ya yi ashar, ka ce ya nuna rashin jin daɗinsa. In ya yi minti biyar yana kame-kame, ka haɗa masa jimla biyu masu kan gado. A wannan wanka babu wanda ya kai Abraham. Rabin manyan da mutanen karkara ke yaba wa natsuwa, natsuwar Abraham suke yabo ba su sani ba.

Shi kuwa Ɗangoggo, shekara takwas ya mulki jiharsa ya bar makarantunta babu rufi. Jam'iyyarsa ta kore shi, shari'unsa suka tsufa a kotu har alƙalai biyu suka yi ritaya suka bar su. Amma duk bayan 'yan watanni sai ya kira 'yan jarida falonsa, ya harɗe ƙafa, ya koya wa ƙasa yadda ake mulki. Su kuma su kwasa a guje har suna tuntuɓe.

Shekara bakwai da suka wuce ya killace wani fili a bayan ƙauyen su Abraham, wai zai gina masana'antar sarrafa rogo. Shingen ya haɗiye ramin yumɓun da matan garin ke ɗiba suna ginin tukwane tun kakanni. Motocinsa suka kwashe ƙasa ta ƙarƙashin gaɓar ramin suka yi gaba, masana'anta ba ta zo ba. Mata suka ci gaba da ratsa wayar shingen suna ɗibar yumɓunsu, tunda ba su da wani ramin. Wata safiya gaɓar ta rufta a kan mata huɗu. Lucy, ƙanwar Abraham, tana cikinsu.

Ranar da ya dawo aiki daga jana'iza, abin da aka fara miƙa masa shi ne martanin Ɗangoggo. Jimla ɗaya ce busasshiya: lauyoyinsa suna duba lamarin. Abraham ya san Baba yana can gindin mangwaro da rediyo a cinya, don bai taɓa barin shirin ɗansa ya wuce shi ba. Bakinsa ya ƙi kai wa tsoho wannan jimlar. Sai ya ce, da sunan tsohon gwamna, “Wannan rashi ya girgiza ni. Ina roƙon iyayen waɗannan bayin Allah su yafe mini.”

Baba dattijon coci ne. Ranar Lahadi ya miƙe a gaban jama'a ya ce mutumin ya nemi gafara duniya tana ji, wanda ya nemi gafara kuwa ba a jansa kotu. Samarin da suka fara neman lauya suka watse. Tun daga nan, in Ɗangoggo zai yi magana, Baba kan ƙara sautin rediyo ya ce, “Ku yi shiru, mutumin nan ya san kunya.”

To ga hirar yau. Minti arba'in Ɗangoggo yana ba gwamnati shawara kan noma, sai can ƙarshe ɗan jaridar ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi batun matan ramin yumɓu. Amsar ce Abraham yake ta mayarwa baya yana saurare.

Ya tashi ya nufi ofishin Madam Kauthar, shugabar shirye-shirye. Ya same ta da waya biyu a gabanta, ɗaya tana ƙara, tana cin gyaɗa.

“Malam Abraham, ka gama? Saura awa ɗaya da rabi fa.”

“Madam, dole ne sai mun sa mutumin nan?”

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. “Wane irin dole? Shi ne babban labarinmu na yau.”

“Ba ya riƙe da kujera, ba ya takara, ko mai gadinsa bai zaɓe shi ba. Wa ya tambaye shi yadda ake noma? Shi da ya killace gona shekara bakwai ko rogo ɗaya bai fito ba?”

“Ya yi mulki shekara takwas, ya ga abin da ni da kai ba mu gani ba. Kuma mu ba kotu ba ne. Namu mu sa, jama'a su yanke hukunci.”

“Jama'a ba shi suke ji ba, Madam. Ni suke ji.”

“Shi ya sa muke ji da kai.” Ta yi murmushi ta tura masa ledar gyaɗar, bai taɓa ba. “Ni ma ba sonsa nake ba, wallahi in na gan shi a talabijin canza tasha nake. Amma in ba mu sa ba, gidan rediyon Mararaba za su sa, gobe oga ya kira ni ya ce barci nake. Mutane suna zaginsa, amma suna kunnawa. Wannan na ƙarshen ne ya dame ka ko? Ka ɗan gyara masa kamar kullum. Ka ce ya jajanta, ya ce abin yana hannun Allah.”

Ta san ƙauyensu ne. Har ta'aziyya ta yi masa a lokacin, da katan ɗin lemo. Ta dai manta, kamar yadda ake mantawa da lambar mota. Abraham ya tsaya yana kallon ɓawon gyaɗar da ya maƙale a gefen leɓenta, ya ji ƙyamar ofishin, da ita, da kansa fiye da kowa.

A baranda ya ciro waya ya nemo lambar Baba. Zai iya ce masa yau babu shiri, na'ura ta lalace. Amma tsohon zai kunna duk da haka, ko kiɗa ne ya saurara. Zai kuma iya sake yin wankan, Baba ya ci gaba da zama lafiya da yafiyarsa har ya shiga kabari. Jimla ɗaya ce kawai, kuma ya iya. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya mayar da wayar aljihu.

Tawfiq, injiniyan sauti, yana jiransa a situdiyo. Suka fara. Abraham ya karanta shawarwarin noma yadda aka faɗe su, da maimaicin, da jimlolin da suka tashi ba su sauka ba, da wurin da tsohon gwamna ya ce dawa alhali masara yake nufi. Tawfiq ya ɗaga gira ta bayan gilashi amma bai tsayar ba. Da suka iso ƙarshe, Abraham ya kurɓi ruwa ya matso kusa da makirufo.

“Waɗanne mata? Au, ɓarayin ƙasar nan? Ni na aike su? Wanda ya tsallake shingen mutum ya mutu, ai a wurin sata ya mutu. Mutanen can ba su san darajar ƙasa ba, tukunya kawai suka sani.”

Tawfiq ya tsayar da na'urar. “Oga Abraham, haka za mu sake shi?”

“Ba haka ya faɗa ba?”

“Haka ya faɗa.”

“To. Kuma dariyar nan ta ƙarshe kada ka yanke. Ka ɗaga ta, a ji tasa ce.”

Shirin ya fita ƙarfe biyar daidai. Abraham ya zauna a teburinsa ya tattara biro da ɗan kofinsa a jaka, don ya san abin da zai biyo baya. Kafin ƙarfe shida wayoyin gidan sun kama da wuta. Yana jin masu kira ta lasifikar baranda, wannan yana tsinuwa, wancan yana cewa gaskiya ce mai ɗaci ta dattijo, wani kuma ya kira ne kawai ya gaida matarsa.

Madam Kauthar ta shigo da sauri, mayafinta ya zame. Abraham ya miƙe ya riƙe jakarsa.

“Malam Abraham! Ka ga abin da ka yi? Yankin nan da muka sa a intanet, cikin minti ashirin ya zagaye gari. Oga da kansa ya kira ni.” Fuskarta tana ƙyalli kamar ta amarya. “Kuma ka san abin daɗin? Mutanen Ɗangoggo ma sun kira. Sun ce Mai Girma ya ji daɗi, ya ce yau ne aka fara fassara shi da ƙarfinsa. Ya yarda zai riƙa ba mu hira kowace Laraba. Mu kaɗai. Kuma ya ce kai yake so.”

Abraham ya mayar da jakarsa kan tebur. Ya zaci ya tsiraita mutumin a kasuwa, ashe tallarsa ya yi.

Yana tsaye a bakin titi yana jiran motar da za ta kai shi gida wayarsa ta yi ƙara. Baba ne. Ya koma gefen wani shagon walda da aka rufe ya ɗauka.

“Baba, ina wuni.”

“Lafiya.” Bayan muryar yana jin kaji suna shiga akurki. “Na ji shiri ɗin.”

“E, Baba.”

“Shi ya ce Lucy ɓarawo ne? Da bakinsa?”

“Da bakinsa, Baba. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba.”

“Dariya ɗin ma na ji. Wannan ba naka ba ne, na san naka.” Tsohon ya yi gyaran murya. “To wancan fa? Wanda ya ce mu yafe masa. Wane ne ya faɗa?”

Wata mota ta tsaya, direban ya leƙo yana kiran fasinja, ta gaji ta wuce.

“Ni ne, Baba.”

“Shi bai ce komai ba.”

“Ya ce lauyoyinsa suna dubawa.”

“Hmm.” Baba ya ja numfashi. “Shi ya sa ya shiga mini har cikin zuciya. Na ce baƙo ba zai iya faɗa haka ba, sai wanda abin ya taɓa. Ni kuma na tashi a coci na hana yara zuwa kotu.”

“Baba, ka yi haƙuri. Ka yafe mini.”

“Ai na yafe tun shekara bakwai. Ban san kai nake yafe wa ba, shi ke nan.” Babu faɗa a muryar, kuma da faɗan ya yi da ya fi wa Abraham sauƙi. “Ranar Lahadi zan tashi in gaya musu. Mata huɗu ne, ba nawa kaɗai ba. Mutumin zai sake magana?”

“Sun ce kowace Laraba.”

“Da bakinka?”

Abraham ya jingina da ƙofar shagon ya sunkuyar da kai.

“To,” in ji Baba. “Na cire batir ɗin rediyo na sa a tocila. Ranar da za ka karanta farashin doya, ka kira ni in mayar.”