Gwandar Dajin Jiwa

"Umma, in mutum ya haɗiye ƙwallo, itace zai tsiro a cikinsa?"

Rukayyat ta taka burki ta waiwayo. Kauthar, 'yarta mai shekara biyar, tana kujerar baya, bakinta duk ya yi rawaya. Daga Jiwa suke dawowa, sun je duba filin da mijinta zai yi gini. Sai da ta lallaɓa yarinyar sannan ta faɗa: lokacin da Umma ke waya, ta tsinki ɗan wani guntun itace a bakin gona ta sha, har ƙwallaye uku suka wuce mata.

A Daura Rukayyat ta tashi, ba ta san itatuwan wannan yanki ba. Bini da zugu kawai ya faɗo mata, wanda 'ya'yansa suka taɓa kwantar da yaran maƙwabtansu a asibiti. Kuma ta san ko likita ta nufa, zai fara tambayar me yarinyar ta ci. Ta juya motar.

Kauthar ta nuna itacen. Da kaɗan ya fi mutum tsayi, ga faffaɗan ganye sabon toho. Kusa da shi wata tsohuwa, Iya Lantana, tana shuka gyaɗa. Rukayyat ta gaishe ta a gurguje, ta lalubo hoton bini da zugu a waya ta miƙa mata.

Tsohuwar ta ture wayar, ta tsinki ganye ta murza, ta kai mata hanci.

"Ji ƙamshi, 'yata. Gwandar daji ce. Ga itace a gabanki, kina nuna mini gilashi?"

Ta ce bini da zugu in an karya shi ruwa mai danƙo yake fitarwa. Ita kuwa wannan da rani takan kaɗe ganyenta tas, ta toho gab da damina. Tana nan birjik daga Jiwa zuwa Neja, Nasarawa da kudancin Kaduna, amma kana ƙara yin arewa tana ƙaranci. Yaran garin da ita suka girma. Ƙwallon da aka haɗiye gobe zai fita, taunawa ce dai ba a so.

Tsohuwar ta dubi Kauthar ta ce, "Ba ki tauna ba ko?"

Kauthar ta girgiza kai. Rukayyat ta zauna a kan kunyar gona, tana hamdala. Duk da haka ta karyo reshe ta sa a jaka, ta biya asibiti.

Mai karatu, kada wannan ya ruɗe ka. In ɗanka ya ci abin da ba ka sani ba a daji, karyo reshensa da ganye da 'ya'ya, ka kai shi asibiti nan take.