Hancin Fofo Basile

A cikinmu, mu abokan cin Lahadi, babu wanda ya kama ƙafar Basile Hounkpatin a hanci. Tsohon matuƙi ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana shigo da manyan jiragen ruwa tashar Kwatano, dogo, mai magana a hankali. Duk Lahadin ƙarshen wata mukan haɗu a gidan ɗayanmu, kowa da kwalbar giyar inabinsa naɗe cikin tsumma don kada a ga sunanta. A zuba, a kaɗa, a shinshina, a kurɓa, sai musu ya kaure. Ni atamfa nake sayarwa a kasuwar Dantokpa, launi na sani, iyakata in ce wannan ja ne mai duhu, wancan ya fara komawa ruwan ƙasa. Shi kuwa Fofo Basile, wato Yaya Basile, sai ya rufe ido, ya sa hanci a bakin kofi, ya faɗi ƙasar da inabin ya fito, ya ce a shekarar an yi ƙarancin ruwa. A kwance tsumma a tarar haka ne. Honoré, lauyan cikinmu, yakan ce da wannan hanci zai zauna a kujerar alƙali, da shi tuni ya koma sayar da gyaɗa.

Sai wani zazzaɓi ya kwantar da Basile. Ya tashi lafiya lau, amma hancin bai tashi tare da shi ba. Ba ya jin ƙamshin komai, ko albasa ake soyawa a gabansa. Giyar da ta fi kowace tsada ta koma masa ruwa mai ɗan tsami. Matarsa Pélagie ce ke janyo shi zuwa taronmu. Yakan riƙe kofi ya ɗaga shi wajen haske, ya yi murmushi in an yi dariya, ya ajiye. Mu ma musun ya daina yi mana daɗi, don ba mai raba gardama. Damina biyu muka yi a haka.

Ran nan Honoré ya gayyace mu Possotomé, gidan gwaggonsa da ta rasu, a bakin tafkin Ahémé. Ya ce ya samo wani abu a ɗakinta, ba zai faɗa ba sai mun zo. Muka isa da hantsi. An kafa tebur ƙarƙashin mangwaro, ruwa na ƙyalli a ƙasan gangara, masunta na jefa birgi daga kwale-kwale. Aka kawo amiwo, jan tuwon masara, da gasasshen kifi, da ƙaguwa cikin jan yaji. Muka sha farar giya mai sanyi da Pélagie ta kawo, muka yabe ta sama-sama.

Bayan an kwashe kwanuka, Honoré ya shiga ciki ya fito rungume da wata ƙatuwar kwalba mai rigar kaba, kabar duk ta ruɓe, an toshe bakin da kakin zuma. Ya ce sodabi ce, barasar gida. Gwaggon da kanta ta dafa ta daga bammin gonarsu tun muna 'yan makaranta, ta ajiye bayan tulunan ɗakinta, ba wanda ya sani. Na ce masa ashe mun yi wannan doguwar tafiya ne don abin da ake sha a tashar mota.

"Dada Afiavi, ki bari bakinki ya huta, harshenki ya yi aiki," in ji shi.

Ya fasa kakin da wuƙa, ya tsiyaya wa kowa kaɗan. Ba fara ba ce kamar wadda muka sani. Shekaru sun mai da ita launin zuma. Na kurɓa ina jiran ta ƙone ni. Ba ta ƙone ni ba. Ta kwanta a harshe lumui, sannan ta fara buɗewa, abu bayan abu, ɗumi na gangarawa ƙirji a hankali. Na sha manyan giyoyin Faransa a teburan da ake alfahari da su, ban taɓa jin abin da ya sa na manta da hannuna a sama ba sai ranar. Honoré kansa, da ba ya iya shiru ko a coci, ya zauna yana kallon kofinsa.

Pélagie ce ta fara lura. Ta taɓa ni da gwiwar hannu. Basile ya kai kofin hancinsa kamar yadda ya saba yi don kara, amma wannan karon bai sauke ba. Idonsa a rufe.

"Hayaƙi," ya ce, can ƙasa. "Hayaƙin ɓawon kwakwa. Da ayaba da ta nuna har ta yi baƙi." Ya ja numfashi. "Akwai citta a ƙarshe. Honoré, gwaggonka ta sa citta."

Pélagie ta sa hannu biyu ta rufe bakinta.

Ya buɗe ido ya dube mu kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Sai ya ɗauki ɓawon lemon tsami da ya rage a tebur ya shinshina. Ya ɗauki kan kifi. Ya miƙe ya tsinki ganyen mangwaro ya murza a yatsu. Ya gangara bakin tafki, dattijo da farar riga, ya duƙa ya ɗebo laka ya kai fuskarsa, masunta na kallonsa. Da ya dawo ya tsaya bayan kujerar matarsa, ya sunkuya kan wuyanta ya daɗe.

"Kin sake turare," ya ce.

"Tun bara," ta ce, hawaye na zuba. "Na ce tunda ba mai ji, bari in sa wanda nake so."

A nan dariya ta ƙwace mana gaba ɗaya. Honoré ya ce shi daga yau ya buɗe asibiti, kuma kwalbar nan ba mai sake taɓa ta sai da takardar likita. Ya ƙara wa kowa duk da haka. Muka zuba kaɗan a ƙasa don gwaggon, kamar yadda ya kamata mu yi tun farko.

Da muka koma Kwatano, likitan Basile ya ce irin wannan yakan dawo da kansa in lokacinsa ya yi, ranar ce kawai ta zo daidai. Basile bai yi masa musu ba. Hancin bai dawo duka ba. Wasu ranakun yana nan, wasu ya ɓace, kuma har yau ba ya jin ƙamshin gahawar safe. Ragowar sodabin Honoré ya raba ta a ƙananan kwalabe, kowane gida ɗaya. Tawa na buɗe ta ranar da aka yi wa jikata baftisma.