Ƙwayoyin Yaya

Hannunta na cikin kwalbar maganin Yaya ta ji ƙarar keken ɗinkinsa ta tsaya a zaure. Ta yi saurin juye ƙwayoyin a aljihu, ta zuba na ciwon kai a madadinsu. Duk farare ne, wa zai bambance?

Auta ne ya kawo maganar. Ya gani a waya wai masana na bincike, irin maganin taɓin hankalin da Yaya ke sha zai iya kashe ciwon daji. Ga Umma kwance, dajin ya ci mata nono ya gangara ƙashi.

"Anti, asibiti ba za su ba mu ba," in ji Auta. "Shi kuwa ai ya warke. Ba ga shi yana ɗinki ba?"

Abin takaici, gidan nan ne da ko kofin Yaya ba a sha da shi. "Maganin mahaukata" suke ce wa kwalbar, a tura ta bayan katifa in baƙi sun zo. Yau ita ce abin lallaɓawa.

Da aka fara ba ta ƙwayoyin, Umma ta koma barci wuni guda, hannu na rawa. Dangi suka ce sauƙi ne ya samu. Ranar komawa asibiti likita ya ɗaga fatar idon Umma, ya juyo wurin 'yarta.

"Me kuke ba ta?"

Ta faɗa, kanta a ƙasa.

"Baiwar Allah, a ɓeraye ake gwadawa! Wata rana ƙila ya yi amfani, amma ba haka ba. Kun ƙara mata wahala ne kawai. Shi mai maganin fa?"

A motar haya ta riƙa matse aljihunta, kunya ta hana ta kuka.

Ta tarar da zauren shiru. Yadin wata amarya a ƙasa, an yayyanka shi kamar ganyen miya. Yaya na tsugune a lungu yana roƙon bango ya yi ƙasa da murya. Da ya gan ta ya miƙe, ya share baki.

"Ƙanwata, ƙwayoyin da kika zuba min ba su da ɗaci. Tun ranar farko na gane." Ya yi murmushi. "Na ce bari in daure. Ya jikin Umma? Nawan sun yi mata aiki?"