Walƙiyar da Gazali Ya Ɗauka

Gazali malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Tambuwal, amma asalinsa mutumin Fakku ne, a ƙasar Kebbe. Can mahaifiyarsa take, da wansa Tambaya, wanda ya riƙe gona da shanun gidan tun rasuwar mahaifinsu. Gazali mutum ne mai son kallon sama. Wayarsa cike take da hotunan gajimare, har abokan aikinsa kan tsokane shi da cewa ya fi sanin halin hadari a kan halin ɗalibansa.

Wata Lahadi a farkon damina ya je gida ya yini. Bai ga Tambaya ba sai a tsaitsaye, domin Bafulatanin da ke musu kiwo ya tafi suna, sai Tambaya ya kora shanun daji da kansa tun da hantsi. Da la'asar Gazali ya yi wa Inna sallama, ya hau babur ya kama hanya.

Ya ɗan yi nisa, ya hau wani tudu mai jan tsakuwa, sai ya ji iska ta sauya, ta yi sanyi. Ya waiga. Hadari ne ya haɗo a kan garinsu, baƙi ƙirin, gindinsa a miƙe kamar an yanke da wuƙa. Rana kuma ba ta faɗi ba, tana haska gonaki daga yamma, sabon tsiro ya yi shar a ƙarƙashin wannan duhu. Ya kashe babur, ya ɗaga waya ya fara ɗaukar bidiyo. Bai jima ba sama ta tsage. Walƙiya ta sauko fara fat, ta yi rassa kamar saiwar kuka, ta soki ƙasa can bayan wasu itatuwa. Da ƙarar ta iso sai da ya ji ta a haƙoransa.

Ruwa ya cim masa a Kebbe, ya fake a rumfar wani mai shayi. Nan ya zauna ya bi abin da ya ɗauka a hankali, har ya tsayar da shi daidai inda walƙiyar ta taɓa ƙasa. Bai taɓa ɗaukar abu mai kyau haka ba. Ya nuna wa mai shayi, mai shayi ya ce tubarkalla. Ya tura hoton zuwa wani zauren intanet na masu sha'awar ilimin sama da ƙasa, ya rubuta a ƙasansa: “Fakku, yau da la'asar.”

Yana jingine babur a ƙofar gidansa a Tambuwal ana kiran magariba, wayarsa ta yi ƙara. Kawu Na'iya ne, ƙanen Inna.

“Ka isa?”

“Yanzu nis sauka, Kawu.”

“To, sai haƙuri. Tambaya lokaci ya yi. Aradu ta faɗa mai ƙarƙashin tsamiya, shi da shanu fuɗu.”

Gazali ya ce innalillahi, ya ji bakinsa ya faɗa daidai. Ya shiga gida ya gaya wa matarsa, ta fashe da kuka, shi kuma ya tsaya yana kallon takalminsa da ya yi taɓo, yana tunanin ko ya wanke shi yanzu ko ya bari.

Da asuba ya koma. Da shi aka ɗauki makara, da shi aka tura ƙasa. Ya jira kuka ya zo, bai zo ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suna zuwa, suna cewa ya haƙuri, yana cewa haƙuri sai ma'aiki. Duk wannan lokaci wayar tana motsi a aljihunsa kamar ƙwaro. Da ya zaga bayan gida yin alwala ya duba. Hoton ya bar zauren, ya shiga duniya. Mutanen da bai sani ba suna yaba shi da harsunan da bai iya ba. Wani ya ce wannan ya cancanci kyauta. Wata ta tambayi wace irin waya ce. Ya karanta kamar mai karanta sanarwar da ba ta shafe shi ba, ya mayar aljihu.

Ran sadakar uku wani ɗan kawunsu, Mu'awiya, wanda ke sayar da kayan waya a Dogon Daji, ya matso kusa da shi a kan tabarma ya miƙo masa tasa wayar.

“Malam, wanga ba kai kaɗ ɗauka ba? Ga sunanka nan. Ai nan bayan itacen ga tsamiyar take.”

Ya yi maganar a hankali, amma na kusa sun ji. Wayar ta bi hannu hannu. Dattawa suna matso da ita kusa da ido, suna salati, suna miƙa wa na gaba. Kafin azahar zance ya gama gari: Gazali ya ɗauki hoton aradun da ta kashe wansa. Ba wanda ya zarge shi da komai. Sai dai in ya wuce, hira kan tsaya.

Shi kansa tunanin ya zo masa tun a kan hanyar dawowa, ya ajiye shi gefe. Yanzu da ya fito daga bakin wani, sai ya ga ba inda zai kai shi. Yakan buɗe hoton ya dubi itatuwan. Wani lokaci ya ga kamar nan ne. Wani lokaci ya ga kamar tsamiyar ta fi kudu.

Ana nan sai wata mata ta kira shi, ta ce sunanta Dakta Zahara'u, tana binciken tsawa da walƙiya a wata jami'a. Ta ce hotonsa ya kai gare su, irinsa ba ya samuwa daga wannan yanki, suna neman izininsa su buga shi a takardar faɗakarwa da za a raba wa makarantu da manoma. Ta tambaye shi inda ya tsaya da inda ya fuskanta. Ya gaya mata, tiryan-tiryan, kamar yana aji.

“Lafiya kuwa, Malam? Na ji muryarka wani iri.”

“Zaman makoki mukai. Yayana aradu ta kashe ran nan, wajen nan.”

Ta yi masa ta'aziyya, ta ce a bar maganar hoton tukuna.

“A'a, Dakta, tambaya gare ni. Kuna iya gane inda wagga ta cikin hoton ta faɗi?”

Ta ce akwai na'urori a ƙasa, da taurarin ɗan'adam a sama, masu ƙirga walƙiya. Za ta duba, amma kada ya sa rai da yawa.

Washegari ta sake kira. Ta ce a ɗan tsakanin nan walƙiya ta sauka sau da dama a kewayen garin, wasu kusa da juna. Na'urorin ba sa nuna itace ɗaya, fili suke nunawa mai faɗi. Tasa tana iya zama ita ce, tana iya zama wata.

“Ba zan ce maka ita ce ba, ba zan ce maka ba ita ba ce. In na faɗi ɗaya na yi maka ƙarya.”

Ya yi mata godiya. Ya zaci zai ji sauƙi ko ya ji nauyi. Bai ji ko ɗaya ba. Ya ji yunwa, ya shiga gida Inna ta zuba masa fura.

Inna ba ta taɓa tayar da zancen hoton ba. Wadda ta tayar Batula ce, matar marigayin. Ran da zai koma bakin aiki ya je ƙofar ɗakinta yin sallama. Tana zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, ƙaramar ɗiyarta tana barci a cinyarta. Da can ita ce mai tsokanarsa, takan ce masa malamin gajimare. Yanzu ko ɗaga kai ba ta yi ba.

“Malam, an ce akwai hoto.”

“Akwai.”

“Ina son in gani.”

“Ba komi ciki, Yaya Batula. Hadari na kawai.”

“Kowa ya gani, har matan maƙwabta. Ni kaɗai anka ɓoye ma.”

Ya durƙusa a bakin ƙofa ya miƙa mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaye shi yadda ake matso da shi, ya nuna mata, ta sa yatsu ta buɗa wajen itatuwan. Ta ƙara buɗawa. Itatuwan suka narke suka zama ɗigo-ɗigo, kore da toka, ba a gane reshe balle mutum.

“Nan na?”

“Ban sani ba. Na tambayi masana, su ma ba su sani ba.”

Ta mayar da hoton yadda yake, ta sake kallonsa gaba ɗaya.

“Ashe haka garin yay yi kyau ran nan,” in ji ta. “Ni shanya nika kwashewa, ban ɗaga kai ba.”

Ta miƙo masa wayar. Ya ce in tana so zai goge, kuma zai hana masu neman bugawa. Ta gyara wa yarinyar kwanciya, ta kore mata ƙuda.

“Mi gogewa za ta yi? Ka ba su. Sai dai kak ka bari a sa sunanai ciki.” Sannan ta ce, “Gero ya isa noman farko. Ka yi ma Kawu magana, a samo masu yi tun ciyawa ba ta ci shi ba.”

Ya ce to. Ya tsaya wajen Kawu Na'iya suka tsara maganar noman, da ta sauran shanun, sannan ya hau babur. Da ya zo tudun nan mai jan tsakuwa bai rage gudu ba.

Takardar ta fito bayan kaka. Dakta Zahara'u ta aiko wa makarantarsu guda, babba, mai sheƙi, da gargaɗi a ƙasa cewa kada a fake gindin itace in ana tsawa, da sunan Gazali a gefe da ƙananan baƙaƙe. Shugaban makaranta ya yi murna ƙwarai. Ya tara malamai ya ce abin alfahari ne, ya sa aka kafa ta a ofishin malamai, daidai gaban teburin Gazali. Aka tafa masa, ya miƙe ya ce ya gode.

Da aka watse ya ɗaga teburinsa ya juya shi ya fuskanci taga. Wani malami ya tambaye shi dalili, ya ce hasken ya fi a nan. Ya jawo takardun jarrabawar 'yan aji biyu ya ci gaba da dubawa.