Garin Masu Rariya a Baki

Mafarkin da na yi daren jiya ɓatan hanya ya yi, domin ba irina ya kamata ya zo wa ba. A duk jami'ar da nake koyarwa babu wanda ya kai ni iya magana ba tare da ɓata wa kowa rai ba. Ba yabon kai ba ne. Bita aka tura ni a kan haka, na dawo da takardar shaida da jaka mai tambari.

Ko jiya da la'asar sai da na nuna gwanintata. Na je asibiti duba Kaumi, abokina tun muna makarantar kwana, wanda aka yi wa ɗan aikin ƙaba. Shi Babarbare ne, ni Bafulatani, saboda haka tun da muka san juna ban taɓa kiransa da wani suna ba sai "bawana", shi ma da haka yake kirana. To a wurin bita an nuna mana cewa kalmar tana da nauyin tarihi. Don haka na tsaya a gefen gadonsa na ce, "Alhaji Kaumi, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Kai mutum ne mai daraja a wurina." Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyara zaman hularsa, wadda ko a gadon asibiti ba ya rabuwa da ita. Na dawo gida cike da gamsuwa na kwanta.

Sai na gan ni a ƙofar wani gari. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama. Wani bunsuru mai tabarau da ke zaune a teburin shiga ya yi mini bayani cewa da can a kan mutane yake sauka, sai wasu suka kai ƙara cewa wannan raini ne.

"Miƙo bakinka," in ji shi.

Na miƙa. Ya ɗaura mini 'yar rariya irin ta tankaɗen gari, ya ƙulle ta a ƙeya. Kowa a garin da tasa. In mutum ya yi magana, lallausan ya wuce, tsakin kuma ya zube a wani kwano da ke rataye a wuyansa, da yamma a tara a ba awaki. Na lura awakin garin duk sun yi ƙiba, kuma su ke riƙe da ofisoshi.

Na ce masa tsarin ya burge ni. Ko ƙwaya ba ta faɗa kwanona ba. Ya dube ni da girmamawa.

Sai ga ni a ɗakin marasa lafiya. Kaumi na kwance, amma ya koɗe har ana hango zanen katifa ta cikin ƙirjinsa. Hularsa ce kawai ke nan da launinta. Masu dubiya na shigowa a layi, kowa ya rusuna ya ce, "Sannu, ranka ya daɗe," kuma duk gaisuwa sai ya ƙara dishewa.

Likitar wata zabuwa ce. Ta ja ni gefe.

"Tsiya ta yi ƙasa a jininsa," ta ce. "In ba a ƙara masa yau ba, sai dai ku tafi gida da hular. Mun gwada ta Bakano, jikinsa ya ƙi karɓa. Sai ta Bafulatani. Kai ne?"

"Ni ɗan ƙasa ne mai asali da ya shafi kiwo," na ce.

"To naɗe hannun riga ka zage shi."

Na matsa kusa da kunnensa. Abin da na yi niyyar faɗa shi ne: tashi bawana, mai fuska kamar gonar da aka yi wa huɗa, wa ya ba bawa izinin hawa katifa? Abin da ya fito ta rariya kuwa shi ne: "Abokin hulɗata mai adon gargajiya a fuska, ina taya ka murnar samun gado." Kwanona ya cika har yana jan wuyana. Kunnen Kaumi na hagu ya ɓace.

"Hammayo," ya ce da murya kamar daga cikin rijiya. Bai taɓa kirana da sunana ba, har sai da na waiwaya in ga ko da wani yake. "Gaya mini gaskiya. Me likita ta ce maka a can gefe?"

Kafin in amsa sai wasu mutane suka shigo cikin riguna iri ɗaya. 'Yan Ƙungiyar Jin Haushi a Madadin Wasu ne. Shugabarsu ta leƙa kwanona, ta dafe ƙirji.

"Mun ji haushi a madadin wannan dattijo," ta ce. "Ya sunansa?"

"Ni ban ji haushi ba," in ji Kaumi. "Ku bar shi ya faɗa."

"Ka ji ko?" ta ce da mataimakinta. "Abin ya yi masa illa har bai san an ɓata masa rai ba."

Suka jeru a bakin gadon suka fara jin haushi. Ɗaya a kan ƙafar Kaumi ya zauna, bai lura ba.

Sai na gan ni a ofishin bunsuru, wanda yanzu ya koma cikin wani rumbu. Na roƙi a cire mini rariyar.

"Ana cirewa," ya ce. "Amma sai wanda za a zaga ya amince, da duk wanda zai iya ji, da wanda za a iya ba labari daga baya."

"Har da waɗanda ba a haifa ba?"

"Su ne ma suka fi saurin fushi."

Yana magana yana cin abin da ke kwanona. Da ya lashe shi tas sai ya lumshe ido ya ce rabonsa da cin girki irin na da har ya manta. Don ya saka mini, ya ce shi zai isar da saƙon da kansa.

Muka tarar babu abin da ya rage na Kaumi sai hula da ido biyu da ɗan baki. Bunsuru ya gyara tabarau, ya yi gyatsa mai tsawo, sai ga maganata ta fito daram: "Tashi, bawana."

Idanun suka juyo a hankali.

"Wannan ba muryar bawana ba ce," in ji Kaumi. "Tasa siririya ce, ta wanda aka yaye da tsala."

Yana faɗin haka kan hancinsa ya dawo. Zabuwa ta dube ni ta ce nasa ƙoƙarin ke nan, saura nawa. Na kama rariyar na ja, ƙullin ya ƙi. Na sa haƙora ina gugar wayar, ƙarr, ƙarr, 'yan ƙungiya suna ta jin haushi a bayana, idanun Kaumi na jirana, ƙarr, ƙarr.

Dijatu ce, matata, ke kankare ƙanzo a gindin tukunya a tsakar gida. Gari ya waye. Da ta ji motsina sai ta leƙo da cokalin a hannu.

"Malam, Yakura matar Kaumi ta yi waya. Me ka ce masa jiya?"

Na maimaita mata kalma bayan kalma, domin gaisuwa ce da za a iya koyarwa a aji.

"To," ta ce. "Tun da ka fita bai ci komai ba. Ya ce tun da har Bafulatani ya girmama shi, akwai abin da likitoci ke ɓoye masa. Ya tara 'ya'yansa ya yi musu nasiha, ya sa aka kwaso hulunansa ya rabar duka, har da ta kansa. Yau za a sallame shi, kuma babu wadda zai sa ya fito."

Ta nuna wata leda a kan kujera. An aiko mini da tawa.

Na gwada. Ta zauna mini daidai.