Wanda Zai Wanke Ɗangana

Karo na uku ke nan Malam Bashiru yana tuɓe takalmi a ƙofar zauren maƙwabcina Ɗangana, karo na uku kuma Murjanatu, matar gidan, tana leƙowa ta ce maigida barci yake. Duk muna jin tarinsa daga ɗaki. Ina zaune a kan tabarmata ina ɗinkin taru, ban ɗaga kai ba.

"Baba Aliyu, ka sa baki," in ji Bashiru. "Mutumin ga tahiya za ya yi. Gafara kawai ni ka nema."

Na ce masa ranar da ya rubuta abin da ya rubuta bai nemi bakina ba. Ya mayar da takalminsa ya tafi, jan bironsa na leƙe a aljihun gaba.

Su biyun tare suka tashi a Yelwa, tare suka koyar a firamare. Ɗangana ke rubuta littattafai, Bashiru kuma ya karanta na mutane ya faɗi ra'ayinsa a jarida. Kowace Juma'a da la'asar marubutan garin kan taru a zauren nan, ni ina gefe ina saurare, don bokona bai wuce rubuta sunana ba. Na ga yadda suke ɗaukar gyaransa. Malama Larai, da ya ce labarinta ya cika surutu, godiya ta yi ta je ta rage. Wani ya daina zuwa. Ɗangana kuwa dariya yake yi musu, yana cewa wanda bai iya jure jan biro ba ya koma sayar da kifi.

Sai nasa ya zo. Ya yi littafi a kan ƙauyen kakanninsa da ruwan Kainji ya cinye, shekara biyar yana fama da shi. Bashiru ya rubuta cewa littafin ya yi daɗi, amma an zaunar da mai juya jirgin ruwa a goshin jirgin, alhali ko macen da ke kai kifi kasuwa ta san a baya yake zama. Da a nan ya tsaya, da gyara ne. Sai ya ƙara da cewa ba abin mamaki ba ne, tunda marubucin tsoron ruwa yake, bai taɓa taka jirgi ba, ko tsallaken kogi aka yi masa rasuwa sai dai ya aika da gaisuwa.

Gaskiya ce. Amma gaskiyar da Ɗangana ya faɗa masa ce su biyu, tun suna samari. Kafin sati aka karanta wa masunta jaridar a bakin ruwa. Daga ranar sunan Ɗangana ya koma Sarkin Ruwan Tudu. In ya je sayen kifi sai a ce ya matsa baya kar kwano ya kife da shi.

Shekara bakwai bai sake yi wa Bashiru magana ba. Ya rubuta martani ya fi goma, yana karanta mini, yana yagawa, wai duk ba su kai zafin da yake so ba. Ana nan wata asuba ya same ni a mashigin da nake ɗaure jirgina, inda ciyawa ta rufe, ya ce in koya masa tuƙi. Ranar farko amai ya yi har ya jiƙe mini taru. Ya riƙe filafilin tuƙi, yana zagin Bashiru a kowane bugu. Shekara biyu muna haka, ya rantsar da ni kada kowa ya ji, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Bayan tafiyar Bashiru na shiga ɗakin. Ya rame har zoben azurfarsa Murjanatu ta ɗaure da zare. Na ce masa abokinsa ya zo sau uku, kuma mai shirin gamuwa da Ubangiji bai kamata ya tafi da kaya a zuciya ba. Sai ya juyo ya tambaye ni.

"Malam Aliyu, mi malamai suka ce game da mai wankan gawa?"

Na ce amana ce. Duk aibin da ya gani a jikin mamaci, da shi zai shiga kabari, ko matarsa ba zai gaya wa ba.

"To, shi za ya wanke ni. Kai ka zuba ruwa, ka zama shaida." Ya yi tari, ya share baki. "Ya duba ni tun daga kai har ƙafa, yadda ya duba littafina. In shina iyawa, ya rubuta."

Na tambaye shi ko wannan yafiya ce. Ya juya fuska bango.

Ran Talata da hantsi ya cika. Na je da kaina na gaya wa Bashiru wasiyyar. Ya ce bai taɓa wankan gawa ba, a nemi liman. Na ce liman zai tsaya a ƙofa ya gaya masa yadda ake yi, amma hannu nasa ne, in kuwa ya ƙi, ni zan faɗa a gaban masu sallar jana'iza cewa ya ƙi. Ban tausaya masa ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Muka shiga da ruwan magarya. Abin da ciwon wata huɗu ya yi wa jikin nan ba zan faɗa ba, ni ma amanar ta hau kaina. Bashiru ya gani duka. Ya fara wankewa yadda liman ke faɗa masa daga ƙofa.

Da ya zo alwala ya buɗe tafin hannun daman mamacin, sai ya tsaya. Kanta ce, fata mai tauri jere a gindin yatsu, ta yi laushi saboda kwanciya amma ba ta ɓace ba. Ɗan Yelwa ba ya bukatar a gaya masa abin da ke yin irinta. Ba biro ba ne.

"Tun yaushe?" ya tambaya, bai dube ni ba.

Na ce shekara biyu, kuma a baya yake zama.

"Ya ce ya yahe mani?"

"Bai ce ba."

Ya sunkuya zai ɗauraye hannun, jan biron ya zame daga aljihunsa ya faɗa cikin kwaryar ruwa. Bai ɗauka ba. Na ci gaba da zubawa, shi kuma yana riƙe da tafin, yana bin kantar da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya.