Layin Rawaya na Mushe Ado

Kwana tara ke nan Mushe Ado bai taka ƙofar gida ba. Gwiwar ta lafa tun kwana na huɗu, matarsa Delu ta sani, don ita ke gasa masa da ruwan zafi. Amma yana nan zaune bisa tabarma, rediyo a kashe, farar sandarsa rataye bayan ƙyaure. In ta yi magana sai ya ce, "Ni da waje mun gama, Delu. Ki bar ni."

Mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya! Sa'ad da suka zo Yamai daga Damagaram, tana amarya, shi sabon mushen lakwal, wato malamin makaranta, a unguwar Kirkissoye aka ba shi aji. Kullum da ƙafa yake ƙetare gadar kogi, ya dawo da alli a hannun riga, ya biya wajen masunta ya kawo mata kifi yana motsi. Unguwar Dar es Salam ɗin nan da suke zaune yanzu, lokacin gonakin hatsi ne, sai zabi da rairayi. Ya san kowace hanya tun ba ta da suna. Da idonsa ya rufe, shekara shida ke nan, garin ya ƙi jiransa. Motoci suka ƙaru, aka haƙa nan, aka toshe can, ya koma sai wani ya riƙe masa hannu, abin da ya fi tsana a duniya.

Bara aka yi sabon gudron, titin kwalta, aka shimfiɗa pabe, bulon daɓe, a gefe don masu tafiya da ƙafa, da layi rawaya a tsakiya. Mutanen ƙungiyar makafi suka zo suka koya masa. Pabe mai dogon zane, ka yi ta tafiya. Mai ƙuraje, ka tsaya, akwai titi ko rami a gabanka. Da wannan layin yake zuwa fadarsu shi kaɗai, can ƙarshen hanya, inda tsofaffin mushe-mushe ke shan shayi. Su goma sha ɗaya ne a da, yanzu saura huɗu. Yakan dawo da gardama a bakinsa, ya cinye tuwo ya nemi ƙari.

Sai aka tone gefen hanyar don sa bututun ruwa, aka mayar da paben. Ado ya bi layinsa kamar kullum, ƙafarsa na jiran ƙurajen da za su tsayar da shi. Ba su zo ba. Sai ji ya yi ya zurma cikin kanibo, babban magudanar ruwan da ke buɗe a bakin mararraba.

Delu ta je biro, ofishin masu aikin hanya. Wannan ƙofa ta tura ta waccan, a ta uku wani saurayi ya ce ta kawo kukanta a rubuce da Faransanci.

"Mai rubutun gidanmu shi kuka jefa a rami," ta ce. "Ni baki na kawo, shi Allah Ya ba ni."

Ba wanda ya saurari bakin. Ta fito ta bi hanyar da ƙafa har inda magina ke ƙarasa aiki, ta tambayi wanda ya mayar da paben mararraba. Aka nuna mata Sumana, wani Bazabarme mai hular kwano.

"Fofo, Inna. Lafiya?"

"Riƙe fofonka. Zo ka nuna mini aikinka."

Ya biyo ta yana murmushi, don shi a ganinsa yabo za a yi masa. Ya nuna mata gindin dogon yaron da ke gefe. Duk masu ƙurajen ya tattara ya kewaye itacen da su, zobe biyu, tsaf. Masu dogon zanen kuma ya ja su miƙe har bakin kanibo.

"Waɗanda suka fara aikin ba su da ido, Inna. Sun watsa masu ado nan biyu, can uku. Ni a manyan gidajen Koira Kano nake sa karon daɓen ɗaki. Dubi yadda ya fito."

"Ado," in ji Delu. "Kai ka ga ado. To, sunan mijina ke nan, yana gida da gwiwa kamar tulu. Itace ne makaho, da ka ba shi? Cire takalminka."

"Inna?"

"Na haifi wanda ya girme ka. Cire."

Sauran maginan suka ajiye cebur suna dariya. Sumana ya cire. Ta kwance ɗankwalinta na biyu daga ƙugu ta ɗaure masa ido tam, ta ja shi baya taku talatin, ta ɗora tafin ƙafarsa bisa zanen.

"Wannan yana ce maka tafi. Kada ka tsaya sai ka ji ƙuraje. Haka aka koya wa Malam."

Ya yi taku goma da fara'a. A na ashirin hannuwansa sun miƙe gaba. Wani ɗan kabu-kabu ya wuce kusa da babur, ya zabura. Warin kanibon ya buge shi, ƙafa kuwa tana ce masa ci gaba. Ya tsaya cak, ya ƙi ƙara ko ɗaya.

"Wa ya ce ka tsaya? Ka ji ƙuraje?"

Ya fizge ɗankwalin. Saura taku biyu. Ya daɗe yana kallon ramin, dariyar ta mutu.

"Wallahi ba wanda ya gaya mana, Inna. An ce mu mayar, muka mayar."

"Yanzu an gaya maka."

Ta zauna bisa tulin yashi, ba ta motsa ba har la'asar, sai da ya tone zoben ya jera masu ƙurajen a bakin kanibo da duk inda ta nuna masa da yatsa.

A gida Ado ya ce bai yarda ba. Abin da ya ruɗe shi sau ɗaya zai sake.

"To zauna," ta ce. "Su ukun can su yi ta mutuwa ɗaya-ɗaya, a riƙa aiko maka da labari."

Ya juya mata baya. Washegari da hantsi ta ji ƙyaure ya motsa. Ta bar wanki ta bi shi daga nesa. Yana tafiya a hankali, sanda na gogar zanen. A mararraba ya tsaya, ya taka ƙurajen da ƙafar dama, ya sake takawa da ta hagu, ya miƙa sanda ya taɓa bakin ramin.

"Delu," ya ce, bai juyo ba. "Ina jin silifanki tun daga gida. Koma."

"Hanyar ubanka ce?"

Amma ta tsaya nan. Ya kewaye kanibon, ya saurari motoci, ya ƙetare. Daga ƙarƙashin rumfar fada wata tsohuwar murya ta tashi.

"Ado! Mun ce ka riga mu, har mun raba kujerarka!"

"Ku tashi mini daga kanta," in ji shi. "Wa ya dafa shayin nan? Tun daga nan nake jin ya ƙone."